Kogin Kwara Da Hukumar Ƙasashe Tara

Kogin Kontagora cikin Kwara yake zuba, Kwara kuwa ba na Nijeriya kaɗai ba ne. Daga duwatsun Gini ya taso, ya ratsa Mali da Nijar, ya bi iyakar Binin, sa'an nan ya shigo ƙasar nan. Ruwan da ya sauka Gini da damina, sai da rani yake isowa madatsar Kainji. In wata ƙasa ta tare shi a can, masunta da manoman fadama za su ji a jikinsu, wutar lantarki kuma ta ragu.

Domin haka ƙasashen kwarin kogin suka kafa hukuma a 1964, aka sake mata tsari a 1980. Ƙasashe tara ke ciki, hedkwatarta tana Yamai. A 2008 suka amince cewa duk wadda za ta yi babban aiki a kogin, lalle ta sanar da sauran tukuna.

Amma hukuma ba ta iya gadin kowane rafi. Wanda ya sare itatuwan gaɓa, ko ya zuba guba don kamun kifi, ya cuci waɗanda ke gangare. Haƙƙin da Nijeriya ke nema wurin Mali, shi ne ke wuyan mutumin Kontagora.