Harajin Bai-ɗaya Ko Na Hawa-hawa: Darasi Daga Jihar Illinois Ta Amurka

A ranar 3 ga watan Nuwamba na shekarar 2020, ranar da Amurkawa suka yi zaɓen shugaban ƙasa, an gabatar wa jama'ar jihar Illinois wata tambaya ta daban a takardar ƙuri'a: shin sun amince a gyara tsarin mulkin jiharsu domin a soke harajin kuɗin shiga na bai-ɗaya, a maye gurbinsa da na hawa-hawa? Gwamnatin jihar ta ce kashi 97 cikin 100 na masu biyan haraji za su sami ragi, ko kuma su ci gaba da biyan abin da suka saba. Amma duk da haka, kimanin kashi 53 cikin 100 na waɗanda suka amsa tambayar sun ƙi amincewa. Dalilin wannan ƙi ya cancanci 'yan kasuwa da masu tsara haraji su dube shi da idon basira.

Bambancin tsare-tsaren biyu

Harajin bai-ɗaya shi ne wanda ake yanka wa kowa kashi iri ɗaya na abin da ya samu a shekara, ko shi lebura ne ko mai masana'anta. Shi kuwa na hawa-hawa, ana kasa kuɗin shigar mutum ne zuwa matakai, kowane mataki da nasa kason, ana kuma ƙara kason yayin da kuɗin ke ƙaruwa. Irin wannan ne ake amfani da shi a Nijeriya, inda dokar tarayya ke tsayar da matakan, hukumomin haraji na jihohi kuma su karɓa. A Amurka kowace jiha ce ke tsara nata harajin, baya ga wanda gwamnatin tarayya ke karɓa.

Jihar Illinois, wadda birnin Chicago yake cikinta, ta fara karɓar harajin kuɗin shiga a shekarar 1969 a kan kashi 2.5 cikin 100. Tsarin mulkin da jihar ta amince da shi a 1970 ya hana a sanya matakai a wannan haraji. Saboda haka duk lokacin da gwamnati ta buƙaci ƙarin kuɗi, tilas ta ƙara wa kowa da kowa. An kai shi kashi 5 a 2011, ya sauko zuwa 3.75 a 2015, sannan aka mai da shi 4.95 a 2017.

Abin da gwamnati ta nema

Gwamna J.B. Pritzker ya kama aiki a watan Janairu na 2019, ya tarar da giɓi a kasafin kuɗi da bashin fanshon ma'aikata na sama da dala biliyan 130. A wannan shekara majalisar dokokin jihar ta amince a kai batun gyaran tsarin mulki gaban jama'a, ta kuma zartar da wata doka ta daban mai ɗauke da sababbin matakan, wadda ba za ta fara aiki ba sai an amince da gyaran.

Bisa ga wannan doka, dala 10,000 ta farko za a biya mata kashi 4.75, daga nan zuwa dala 100,000 kashi 4.9, daga nan kuma zuwa dala 250,000 kashi 4.95. Abin da ya haura haka za a ɗora masa kashi 7.75, sai 7.85 a mataki na gaba. Mutum guda da samunsa ya wuce dala 750,000, ko ma'aurata da nasu ya wuce dala miliyan ɗaya, za su biya kashi 7.99 a kan dukkan abin da suka samu. An kuma shirya ɗaga harajin kamfanoni daga kashi 7 zuwa 7.99. Gwamnati ta yi ƙiyasin samun ƙarin kuɗi kimanin dala biliyan 3 a kowace shekara.

Lissafi a aikace

Idan aka ajiye batun rangwame a gefe, ma'aikacin da ke samun dala 50,000 a shekara yana biyan dala 2,475 a tsarin bai-ɗaya. A sabon tsarin zai biya 2,435, wato ragin dala 40 kacal a shekara guda. Mai samun dala 300,000 zai tashi daga 14,850 zuwa 16,185. Mutum guda mai samun dala miliyan ɗaya kuwa zai tashi daga 49,500 zuwa 79,900.

Har ila yau akwai wani tsani mai haɗari a saman matakan. Wanda samunsa ya tsaya daidai kan dala 750,000 zai biya 51,460, amma da zarar ya ƙara dala ɗaya a kai, harajinsa zai haura 59,900, domin za a koma a lissafa masa kashi 7.99 tun daga tushe. Wannan ya shafi masu ƙananan da matsakaitan kamfanoni, saboda da yawa daga cikinsu ribar kasuwancinsu a cikin kuɗin shigarsu na kai ake lissafa ta.

Dalilin da ya sa aka ƙi

Masu goyon bayan gyaran sun kafa hujja da cewa kashi 4.95 ya fi yi wa mai ƙaramin ƙarfi nauyi, tun da kusan duk samunsa a abinci da haya yake ƙarewa. Gwamna Pritzker, wanda shi kansa attajiri ne, ya kashe sama da dala miliyan 50 daga aljihunsa wajen yaƙin neman amincewa. Wani hamshaƙin ɗan kasuwa, Ken Griffin, mai kamfanin Citadel, ya kashe kwatankwacin haka wajen yaƙar shirin.

'Yan adawa ba su tsaya kan kare masu kuɗi ba. Abin da suka fi nanatawa shi ne cewa gyaran zai cire shingen da ke cikin tsarin mulki har abada, alhali matakan suna cikin doka ce ta yau da kullum, wadda majalisa za ta iya sauyawa a duk lokacin da ta ga dama. Sun ce idan yau an fara da masu dala 250,000, gobe ana iya saukowa kan na ƙasa da su, ko a taɓa kuɗin fansho da jihar ba ta karɓar haraji a kansu. Ma'aikacin da aka yi wa alkawarin ragin dala 40 sai ya auna wannan ɗan ragi da irin amanar da ake neman ya danƙa wa 'yan majalisa, a jihar da ta daɗe tana fama da bashi da zargin almundahana. Ana buƙatar kashi 60 cikin 100 na masu amsa tambayar, ko rinjayen dukkan waɗanda suka kaɗa ƙuri'a a zaɓen, amma masu goyon baya ko rabi ba su kai ba.

Inda aka yi nasara

Shekara biyu bayan haka, a watan Nuwamba na 2022, jama'ar jihar Massachusetts sun amince da irin wannan sauyi da kimanin kashi 52 cikin 100. A can an bar harajin bai-ɗaya na kashi 5 yadda yake, aka ƙara kashi 4 a kan abin da ya haura dala miliyan ɗaya kawai. An rubuta kason da iyakar kuɗin a cikin tsarin mulki, an tanadi cewa iyakar za ta riƙa tashi gwargwadon hauhawar farashi, aka kuma ambaci ilimi da sufuri a matsayin inda kuɗin zai tafi.

Abin lura a nan shi ne, mai biyan haraji yakan so ya san abubuwa uku kafin ya yarda da sabon tsari: daga wane adadi ƙarin zai fara, wa ke da ikon sauya wannan adadi nan gaba, da kuma aikin da za a yi da kuɗin. Massachusetts ta amsa dukkan ukun a rubuce cikin tsarin mulkinta, ita kuwa Illinois ta bar su a hannun majalisa, shi ya sa harajinta na bai-ɗaya ya tsaya yadda yake.