Na Je Inda Ruwan Damina Yake Tasowa

Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Dambatta, kuma duk wanda ya san wajenmu ya san ba mu da daji. Inda gonar wani ta ƙare nan ta wani ta fara, sai ɗan layin gamba ko lalle a tsakani. Kowace ɗorawa da mai ita, kowace kuka da mai ita, har kashin awaki ma ba a barinsa ya lalace, jaki yake kai shi gona. Ruwa mafi girma da na taɓa gani shi ne na madatsar Tomas, shi ma idan ka tsaya a wannan gaɓa kana hango waccan.

A hutun watan Afrilu, bayan an sha fama da Baba kafin ya yarda, Kawuna mai fataucin albasa ya tafi da ni Ikko. Kwana biyu muka yi a hanya cikin babbar mota. Na yi ta ƙorafin gajiya, amma daga baya na karanta cewa Baturen nan Clapperton ya tashi daga Badagiri a watan Disamba 1825, bai iso Kano ba sai a watan Yuli 1826. Daga nan na kama bakina.

Da Kawu ya sayar da kayansa a kasuwar Mile 12, sai ya ce zai cika mini alkawari. Muka shiga mota muka yi yamma zuwa Badagiri, wani tsohon gari na kabilar Egun kusa da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin. Garin ba a bakin teku sosai yake ba. Akwai wani dogon ruwa kwantacce a gabansa, sai an ƙetare shi a kwalekwale a sauka a tsibirin Gberefu, sa'an nan a taka da ƙafa cikin rairayi. A hanyar nan aka nuna mana wata tsohuwar rijiya, aka ce da ta nan ake kora bayi zuwa jiragen Turawa. Kawu ya yi shiru, can ya ce, "Ɗana, har da namu a cikin waɗanda aka fitar ta bakin tekun nan." Gaskiyarsa kuwa, domin a tawayen da bayi Musulmi suka yi a Bahiya ta ƙasar Birazil a 1835 akwai Hausawa.

Tun ba mu ga teku ba muka fara jin rurinsa, kamar hadari yana tasowa daga nesa. Da muka fito daga cikin itatuwan kwakwa sai ga shi. Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ruwa ne ya tafi har ya haɗu da sama, ba tsallake, ba itace, ba tudu. Muka bar wurin da baƙi suke tsayawa, muka bi gaɓa muka yi tafiya mai nisa, har ya zama ba kowa sai mu da wasu masunta suna jan taru. Babu gini, babu mota, babu mai talla. Rairayi fari tas ya miƙe iyakar ganin ido, ƙananan ƙaguwoyi suna gudu suna faɗawa ramukansu. Abin da ya fara zuwa raina, don dai ɗan manomi ne ni, shi ne, "Wannan fili duka na wane ne?" Kawu ya yi dariya ya ce in shuka gero in gani. Sai dai kada in yi ƙarya, ko a nan ruwa ya turo robobin lemo da tsofaffin silifa ya zube a gaɓa.

Na tuɓe takalmi na shiga, ruwa iyakar gwiwa. Igiyar ruwa ta zo ta wuce, da ta tashi komawa sai na ji ana zare rairayi daga ƙarƙashin ƙafata. Kafin in ankara ta biyu ta buge ni na faɗi, na sha ruwa. Wani dattijo cikin masunta ya sheƙo ya fizgo ni, yana ta faɗa da harshen da ba na ji. Wani yaronsa mai ɗan jin Hausa ya bayyana mana cewa akwai wuraren da ruwan da ya hau gaɓa yake taruwa ya koma ciki da ƙarfi ta hanya ɗaya, kuma wurin yakan yi kamar ya fi ko'ina kwanciya. Wanda ya faɗa ciki kada ya yi kokawa da shi, sai ya yi iyo ta gefe, ya bi tsawon gaɓa har ya fita. Wanda ya koyi iyo a kududdufi, irina, gara ya tsaya a tudu. Takalmina da na ajiye kuwa, da muka dawo ruwa ya tafi da ƙafa ɗaya, domin teku yana cikowa ya janye sau biyu a kwana guda, kuma jan da wata yake yi masa ne babban dalili.

Ruwan da na sha ya fi miyar da aka cika wa gishiri. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri wajen giram 35, ba ya shayuwa, ba ya ban ruwa. To, a nan ne abin da malaminmu na labarin ƙasa ya koya mana ya faɗo mini, abin da da na haddace don jarrabawa kawai. Ina zaune ina tari, iska mai ɗanshi tana bugun fuskata ba ƙaƙƙautawa, daga teku take zuwa, ta nufi arewa maso gabas, watau wajen gida. Rana tana dukan Tekun Atilantika, ruwa yana tashi ya zama tururi, iskar nan ta kwashe shi ta shiga da shi cikin ƙasa. A Afrilu ta riga ta kawo ruwa Badagiri, ganye ya yi shar, alhali mu a gida ana zafin bazara. A hankali take matsawa arewa tana tura busasshiyar iskar hamada baya, sai wajen Mayu ko Yuni ta yi ƙarfi a ƙasar Kano mu sami ruwan shuka. Wajen Oktoba ta ja da baya, hunturu ya biyo sawunta da ƙurarsa har bakin teku. Shi ya sa daminarmu gajeriya ce, ta Katsina da Maraɗi ma ta fi gajarta. Masana sun kuma gano cewa canjin ɗumin ruwan teku yana da hannu a farin da aka yi a 1973 da 1984, wanda har yanzu tsofaffinmu suke ba da labarinsa.

Na ciko kwalba da ruwan na kawo gida tsaraba. Da daddare bayan sallar lisha na zayyana wa Baba duk wannan bayani, ina jin kaina malami. Ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce, "Kai yaro, shekara hamsin ina noma, ban taɓa ganin hadari ya taso daga kudu ba. Daga gabas yake zuwa." Na rasa ta cewa, domin ni ma haka na saba gani.

Da aka koma makaranta na kai wa Malam maganar. Ya ce Baba bai yi kuskure ba, ni ma ban yi ba. Iska hawa biyu ce. Ta ƙasa, mai ɗanshi, daga kudu maso yamma take zuwa, ita ce mai kawo tururin. Can sama kuma akwai wata mai ƙarfi da take kaɗawa daga gabas, ita take kora hadari idan ya haɗu, shi ya sa muke ganinsa yana tasowa daga gabas. Ya ce in tambayi Baba daga ina iskar bazara take busowa kafin ruwan fari.

Ranar Juma'a na tambaye shi muna gyaran garma. Ya ɗan yi tunani, ya nuna yamma da haɓa, ya karkata kudu kaɗan. Bai ce na yi gaskiya ba. Ya dai sa aka ɗauko kwalbar, ya ɗiga a tafin hannu ya lasa, ya yamutsa fuska ya tofar. Ya ce, "To, in daga nan yake, ina gishirin yake tsayawa?" Na ce a teku yake zama, tururi ba ya ɗaukarsa. Ya ce sai ya gani. Inna ta ba mu tsohuwar tasa, muka juye rabin kwalbar muka ɗora a kan rufin rumbu. Bayan kwana biyu ruwa ya ƙafe, farin gishiri ya kwanta a gindin tasa. Sauran rabin Baba ya hana a taɓa, yana nan a ɗakinsa, duk baƙon da ya zo sai an ba shi ya ɗanɗana.