Yadda Ake Yin Leda Mai Falle Uku, da Abin da Ke Ɓata Ta

Cikin ledojin da ake ƙulla ruwan sha da kayan abinci a Kasuwar Wuse ta Abuja akwai waɗanda ido ke gani falle ɗaya, alhali falle uku ne da aka haɗe tun suna narke, domin na ciki ya liƙe da kyau idan an ɗora masa zafi, na tsakiya ya ba da ƙarfi, na waje kuma ya karɓi rubutu.

Aikin yana farawa da ƙwayoyin roba da ake kira polietilin, irin waɗanda kamfanin Indorama ke yi a Eleme ta jihar Ribas. Kowane falle yana da injinsa, inda dogon ƙarfe mai murɗiya ke tura ƙwayoyin cikin bututu mai zafin da ya kai wajen digiri 200 har su narke, sannan narkakkun su haɗu a baki guda mai siffar zobe, a hura musu iska su kumbura, su huce, a naɗe.

A wannan mahaɗar ne wahalar take, saboda narkakkiyar roba tana da kauri, wato jinkirin gudu, kuma tana da yauƙi irin na miyar kuɓewa, wanda ke sa ta komawa baya idan an ja ta. Tun a 1967 masani Chia-Shun Yih ya nuna cewa bambancin kauri kaɗai yana iya tayar da igiya a iyakar ruwa biyu masu gudu tare, a 1978 kuma Schrenk da abokan aikinsa na kamfanin Dow suka gano cewa idan gogayyar da ke iyakar ta wuce wani mizani, fallen waje yakan fara lanƙwashewa. Sakamakon shi ne leda mai zane-zane da dushewa, wadda wani wurinta ya yi siriri har ya fashe a hanya.

Maganin da masu aikin ke bi shi ne zaɓen robobi masu kusancin kauri, da ƙara wa fallen waje jiki, da buɗe bakin injin kaɗan, da ƙara zafi ko rage gudu. Rage gudun ne ya fi yi wa mai masana'anta ciwo, domin yana rage kayan da ake fitarwa a yini, amma ya fi arha a kan naɗin ledar da mai saye zai maido.