KAFIN KA MIƘA MAKULLI: DARASI GA MASU GIDAN HAYA



'Yan uwa, darasinmu na yau na masu gidan haya ne. Ba attajirai masu rukunin gidaje da lauya da manaja nake nufi ba. Ina nufin ma'aikacin da ya karɓi giratuti ya gina ciki da falo guda huɗu, ko baiwar Allah da mijinta ya rasu ya bar gida, da kuɗin hayar take biya wa marayu makaranta. Irin waɗannan, ɗan haya ɗaya tak idan ya zo da rigima, to shekara ta tafi: ba kuɗi, ba gida, ga zaryar kotu.

Mu fara da asali. Malamanmu na Malikiyya suna kiran hayar gida da ƙasa da abin hawa "kira'i", ɗaukar mutum aiki kuma "ijara", amma hukuncin kusan ɗaya ne. Haƙiƙar haya ciniki ce: ka sayar da amfanin gidanka zuwa wani lokaci. Don haka dole amfanin ya zama halal, lokacin sananne, kuɗin ma sananne. Kuma idan aka ƙulla ta shekara, ta ɗaure ku duka biyu. Ba ka da ikon warwarewa a wata na uku don wani ya zo da ƙarin dubu hamsin. A wajen Malik da Shafi'i da Ahmad ko mutuwar ɗayanku ba ta warware ta, magada ne za su ci gaba. Hanafiyya ne suka ce mutuwa tana rushe ta. Kun ga ke nan lokacin bincike shi ne tun makulli yana aljihunka.

Neman ɗan haya ba shi da wuya a garuruwanmu yanzu, ka faɗa a masallaci ko ka sa a status ɗin WhatsApp, kafin magariba waya ta dame ka. Dillali ma ba laifi, Imam Bukhari ya yi babi a kan ladan dillanci, ya kawo cewa Ibn Sirin da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga matsala a ciki ba. Sai dai ka sani la'adarsa, wadda galibi kashi 10 ce cikin 100, tana fitowa ne ranar da aka biya. Ranar rigima ba za ka gan shi ba. Shi ya kawo mutum, kai ka bincika.

Amma kafin ka binciki kowa, fara faɗin aibin gidanka. Sahihu Muslim ya kawo yadda Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tulin abinci a kasuwa ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, ya kira hakan algus. Mai gidan da ya nuna ɗaki a watan Maris, ya san kwanon yana yoyo, ya san rijiyar tana ƙafewa, ya san kwatar layin tana shigowa tsakar gida a watan Agusta, ya yi shiru ya shafa fenti, wallahi shi ma ya shiga wannan babin. Yawancin 'yan hayar da ke ƙin biya a shekara ta biyu, in ka saurare su, daga nan labarinsu yake farawa.

To yaya ake sanin mutum? An ruwaito cewa wani ya zo zai yi wa wani shaidar kirki a gaban Sayyidina Umar (RA), sai ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko sun taɓa yin tafiya tare, ko sun taɓa mu'amalar dinari da dirhami. Da ya amsa a'a ga duka ukun, Umar ya nuna masa cewa bai san mutumin ba. Wannan ma'auni har gobe yana aiki. "Ai a sahun farko nake ganinsa" ba shaida ba ce a kan biyan haya. Gemu da guntun wando ba rasit ba ne, ni da nake limanci nake gaya muku. Ka taka da ƙafarka zuwa unguwar da zai baro. Ka ga tsohon mai gidansa, amma kar ka tsaya a kansa kaɗai, domin wanda ya gaji da ɗan haya shi ne zai fi kowa yabonsa don ya rabu da ƙaya. Ka tambayi maƙwabcin da suke katanga ɗaya, da mai shagon layin da yake karɓar kaya bashi a wajensa. Mai shago ya san abin da liman bai sani ba.

Wani zai ce Malam, wannan ba gulma ba ce? A'a. Faɗima bint Ƙais (RA) ta nemi shawarar Annabi (SAW) kan mutum biyu da suka nemi aurenta, ya faɗa mata aibin kowanne a fili, kuma Imam Nawawi ya lissafa nasiha ga mai neman shawara cikin wurare shida da ambaton aibin mutum ya halatta. Don haka idan kai aka tambaya, faɗi gaskiya wajibi ne, kar ka yi "ba ruwana" ka jefa marayu a rami. Amma iyakarka abin da ya shafi haya: biya, tsafta, zaman lafiya, irin baƙin da yake tarawa. Dalilin mutuwar aurensa na farko ba ya cikin tambayar. Kai mai gida ma haka, aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane.

Shi kansa ka zauna da shi ido da ido. Mece ce sana'arsa, a ina? Mutum nawa za su zauna? Me ya sa zai tashi daga inda yake? Ka karɓi kwafin katinsa na ɗan ƙasa mai lambar NIN, ka kai shi wajen mai unguwa su gaisa. Wanda ya zo da kuɗin shekara biyu a leda, bai leƙa banɗaki ba, bai nemi ragi ba, ba ya son ka san wurin aikinsa, kuma komai ta hannun wani yake yi, to ka ji tsoro. A wannan zamani na garkuwa da mutane akwai jihohin da gwamnati ta rushe gidajen da aka samu ɓarayin mutane a ciki. Saurin kuɗi ba alamar amana ba ce.

Sannan ya kawo mai tsaya masa. A gaya wa mai tsayawar ƙarara cewa lamuni a shari'a ɗaukar bashi ne, ba sa hannun kunya ba. A mashhurin mazhabar Malik ba a bin mai lamuni matuƙar wanda ake bi yana nan kuma yana da hali, sai in an sharɗanta. In kana son damar bin duk wanda ka ga dama cikinsu, a rubuta.

Akwai inda muke wuce gona da iri, kuma a nan nake so mu ji tsoron Allah. Gidanka ne, kana da ikon zaɓe. Gida mai tsakar gida ɗaya da banɗaki ɗaya, cike da matan aure, ka ce ba za ka sa gwauro ba, wannan hankali ne. Amma bazawara da 'ya'yanta uku, tana da sana'arta, yayanta ya zo zai tsaya mata, gidan kuma mai ƙofarsa daban, ka ce "ba ma ba mace" alhali ba ka ji komai a kanta ba? Wannan mummunan zato ne muka sa masa rigar addini. Ina ake so ta je? Haka wanda ba Musulmi ba, ba shi hayar wurin zama halal ne. Annabi (SAW) da Abubakar (RA) sun ɗauki Abdullahi bin Uraiƙiɗ ɗan jagora a hijira yana kan addinin Ƙuraishawa, saboda ya san hanya kuma sun amince da shi. Abin da jumhur suka hana shi ne ka bayar da wuri kana sane giya za a sayar ko caca za a buɗe, ko da mai karɓar sunansa Muhammadu.

In ka gamsu, a rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, amma mu sai mu ce "haba, ai ɗan uwa ne". A rubuta kuɗi da ranar farawa da ranar ƙarewa, wa zai biya wuta da ruwa, wa zai kwashe masai, ko an yarda ya saka wani a ɗakin. Babban gyara kamar rufi da katanga asali na mai gida ne. Ɗan haya amintacce ne a fiƙihu, ba ya biyan abin da ya tsufa da kansa, sai abin da ya ɓata da ganganci ko sakaci. Saboda haka kuɗin ajiyar da dillalai ke kira "koshin" amana ne a hannunka, ba na cefane ba, ka cire ɓarnar da ta tabbata ka mayar da saura.

A rubuta maganar notis ma. Inda ba a rubuta ba, abin da dokokin haya a Najeriya suka fi tafiya a kai shi ne wata ɗaya ga mai biyan wata-wata, wata shida ga mai biyan shekara, sannan ƙarin kwana 7 kafin a shigar da ƙara. Cire ƙofa, yaye kwano, ko watso kaya waje laifi ne ko da kai ke bin bashi. Kuma ranar da biya ya tsaya, ka bambance mutum biyu: wanda albashinsa ya maƙale ko kasuwa ta karye masa, aya ta 280 a Baƙara ta ce a jira shi, wanda yake da shi yake ja maka rai, hadisin Bukhari da Muslim ya kira jinkirinsa zalunci, kai shi gaba ba rashin tausayi ba ne.

Ranar miƙa makulli ku zagaya gidan tare da shaidu biyu. Ka ɗauki hoton kowane ɗaki da wayarka, famfo da soket da tagogi, da lambar da mita take kai. In akwai tsohon bashin wuta, ka biya ko ka rubuta cewa naka ne. Ka tura masa hotunan nan take, shi ma ya ajiye.

Wallahu a'alam.