Yadda Ake Karanta Bayanan Lafiyar Faifan Ajiya na Kwamfuta

Gabatarwa

'Yan'uwana ɗalibai, kundin digirinmu da hirarrakin da muke ɗauka a wajen masana da mawaƙa duk suna zaune ne a faifan ajiya na kwamfuta. A wannan darasi zan yi bayanin yadda ɗalibi zai duba lafiyar faifan nan kafin ya mutu da aikinsa a ciki. Maganata ta fi shafar faifai mai juyawa.

Mene ne SMART?

Wani tsari ne da ke cikin faifan, wanda yake ƙidaya matsalolin da faifan ke cin karo da su. Manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, tana nuna wannan ƙidaya. Shuɗi na nufin lafiya, rawaya gargaɗi ne, ja kuwa haɗari. Amma ina ba da shawara kada a tsaya ga launi kawai. A duba ginshiƙin ƙarshe, inda ainihin ƙidayar take.

Lambobin da suka fi muhimmanci

An rarraba faifai zuwa ƙananan gurabe, kuma kowace matsala tana da lambarta:

Lamba 5: guraben da suka lalace, faifan ya maye su da na ajiye.
Lamba 197: guraben da suka ƙi karantuwa, ana jiran hukunci a kansu.
Lamba 198: guraben da suka gagara gyaruwa.

Abin so shi ne dukkansu su nuna sifili. Idan lamba 5 ta nuna 8 yau, bayan mako guda ta koma 40, to lalacewar yaɗuwa take yi. Ita kuwa lamba 1, a faifan kamfanin Seagate takan nuna miliyoyi alhali lafiyarsa ƙalau, don haka kada ta tayar wa kowa hankali.

Abin da bincike ya nuna

A shekarar 2007 ma'aikatan Google sun wallafa nazarin faifai fiye da 100,000. Sun gano cewa faifan da ya fara maye gurbi ya ninka mai lafiya fiye da sau 14 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60. Sai dai kuma kusan kashi 36 cikin 100 na faifan da suka mutu ba su nuna wata alama a wannan ƙidaya ba. Ke nan mummunan sakamako abin gaskatawa ne, amma kyakkyawa ba tabbaci ba ne.

Kammalawa

Wanda ya ga ɗaya daga cikin lambobin nan uku ta wuce sifili, ya fara kwashe aikinsa zuwa filash ko imel a ranar, sannan ya nemi mai gyara. Wanda ya ga shuɗi ma ya ajiye kwafi biyu a wurare dabam-dabam, domin Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.