Ƙwaro A Cikin Itacen Wuta

Manoma da fatake, ku sani a Turai har itacen wuta akan yi fataucinsa daga ƙasa zuwa ƙasa. Akwai wani iri mai taushi, ganyensa kamar allura. Yana saurin kama wuta, amma ba ya jimawa a murhu.

To, wahalarsa ita ce wani ɗan ƙwaro kamar ƙwayar shinkafa, mai shiga ƙarƙashin ɓawo ya kashe itace a tsaye. Saboda tsoronsa Ingila ba ta karɓar wannan itace da ɓawonsa, sai da takardar shaida cewa an busar da shi a tanda, ko ya fito daga inda babu ƙwaron. Duk da haka a 2018 an same shi a wani daji a Kent. Masana suna zaton iska ta kawo shi daga ƙetaren teku.