Sarƙar Kekena Tana Ƙara

Tambaya: Malam, sarƙar kekena sai ƙara take yi. In zuba mata baƙin mai?

Amsa: A'a ɗan'uwa, kada ka kuskura. Baƙin mai ƙura yake kamawa, balle da hunturu, sai ya dunƙule da yashi ya riƙa cin sarƙar da haƙoran firiwil. Fara wanke ta da kananzir kaɗan da tsohon buroshi, kana juya feda baya. Akwai ɗan akwatin wankin sarƙa mai buroshi a ciki, amma ba dole ba ne. Goge da tsumma ta bushe, sannan ka ɗiga man sarƙa, ɗigo guda a kowace gaɓa, ka share ragowar. In ruwan sama ya doke ta, ka maimaita.